Ƙofar da Ake Ɗagawa da Gwiwa

Ni da motar babanmu shekararmu ɗaya. A shekarar da aka haife ni ya sayo ta, a-kori-kura ce shuɗiya, don sauko da lemo daga gonarmu ta kan dutse zuwa bakin tashar jiragen ruwa ta Yawatahama. Yayana Kunio yakan ce a tsakanin mu biyu motar ce ta fi jin magana, ni kuma ban taɓa musa masa ba.

Ƙofar direba ta daɗe da sauka. Tun ina firamare ta gogi katangar dutse a wata kwana, daga nan ba ta ƙara buɗuwa da daɗi ba. Sai ka ja mariƙin, ka sa gwiwa a ƙasanta ka ɗaga, sannan ta saki da wani kuka. Baba ya hana a gyara. Ya ce ɓarawo ma sai ya yi wata yana koyo kafin ya sace ta. A saman ƙofar kuma, inda yake ɗora gwiwar hannunsa in yana tuƙi, fenti ya cinye har ƙarfe ya fito yana sheƙi, faɗin tafin hannu.

Da tsufa ya fara ruɗa shi aka karɓe lasinsa, motar ta koma rumfa ta zauna shekara tara. Abubuwa suka yi ta zubewa daga kansa. Ya manta Inna ta rasu, daga baya ya manta ita kanta. Kunio da yake zaune da shi, yana yi masa wanka yana ba shi abinci, ya koma "wannan bawan Allah". Amma kullum da safe, in ya gama da shinkafarsa da miya, sai ya sa takalmin roba ya tafi rumfa, ya ɗaga ƙofar da gwiwa, ya zauna a bayan sitiyari. Ranar Lahadi in na zo daga Matsuyama, birnin da nake aiki, na tsaya a jikin tagar, sai ya harare ni.

"Ikuyo! Ke kullum sai an jira ki? Shiga mu tafi, rana ta yi."

A cikin gida bai san ni ba, gaishe ni yake yi kamar ma'aikaciyar asibiti. A cikin motar nan kaɗai sunana ya rage masa. Sai in shiga mu zauna minti ashirin, tayoyi a sace, kaji suna yawo a ƙarƙashinmu, yana yi min faɗa a kan akwatunan lemon da ban ɗaure da kyau ba shekara arba'in da suka wuce.

To ni sana'ata ke nan, tayar da tsofaffin a-kori-kura. Shekara ashirin da bakwai ina garejin tsoho Kadota, na mayar da motocin iyayen mutane sababbi fil fiye da yadda zan iya tunawa. Ga ta ubana tana ruɓewa, tsatsa ta huda ƙasanta har kana hango ƙasa ta tsakanin ƙafafunka. Abin yana ci min rai, kuma ba zan ɓoye ba, har da kunya. Sai na yanke zan gyara ta in kawo masa tun kafin bikin cikarsa tamanin da takwas da za a yi baɗi.

Ranar da na zo da motar ɗaukar mota, Kunio ya tsaya a bakin rumfa hannunsa da kumfar wanke-wanke.

"To in kin ɗauke ta, a ina zai zauna da safe?"

"A kan kujera mana, kamar kowane tsoho. Wata uku ne fa, Yaya."

"Wata ukun bakanike ko wata ukun mutane?"

"Kai dai ka koma ga kwanukanka."

Wata goma sha huɗu ta yi a hannuna, sai dab da bikin na gama. Da na ɗaga bodin na tarar tsatsa ta ci ƙashin bayanta, sai da na yanke na yi walda a wuri shida. Gilashin baya na neme shi wata huɗu kafin a samo min can tsibirin Hokkaido. Kuma da yake sauran ranaku na motocin mutane ne, Lahadi kaɗai nake da ita. Haka na daina zuwa gida. Ina gaya wa kaina ai don shi nake yi, maganar kuma ta zauna min daidai.

Kunio yakan bugo waya. Da farko ya ce Baba yana zuwa rumfa ya tsaya a inda motar take, ya yi ta kallon tabon baƙin mai a ƙasa. Daga baya ya ce ya daina zuwa. Na ce masa ya ga ai an huta, ga sanyi ya shigo.

Ranar da na kai kan ƙofar direba, Kadota ya zo ya tsaya a kaina da kofin shayinsa. Ya ja mariƙin, ƙofar ta ƙi. Ya shafa wurin nan da fenti ya cinye, ya daɗe yana shafawa.

"Wannan wa kike gyara wa, 'yar nan?"

"Babana, ka sani ai."

"To ki bar mata ƙofarta."

"Haba Maigida. Kai da kake sa mu mu sake fenti saboda ƙuda ya sauka a kai?"

"Waccan motar baƙo ce." Ya kurɓi shayi. "Amma ke da taurin kai, ko ƙusa sai ta gaishe ki. Yi abin da kika ga dama, kada dai ki yar da komai."

Wannan doka ce a garejinmu, duk abin da aka cire, ko noti ne, a sa a leda a rubuta suna a ajiye. Na sa sababbin ƙarafan riƙe ƙofa, ta koma tana rufuwa da yatsa ɗaya. Wurin gwiwar hannunsa kuwa na goge shi da samfefa, minti goma bai cika ba. Na fesa shuɗi sau biyar, launin da ta fito da shi daga kamfani. Ta yi kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba.

Ranar bikin dangi sun cika gida. An sa wa Baba 'yar shara da hula ruwan ɗorawa kamar yadda al'adar bikin take, ya zauna a tsakiya ya rame, wuyansa yana yawo a cikin riga. Wata goma sha huɗu ban gan shi sosai ba, na ga aikin da suka yi masa. Na shigo da motar tsakar gida da kaina, injin yana tashi sumul, aka yi ta tafi. Kunio ya kamo hannunsa ya fito da shi.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya saki hannun Kunio ya taka da kansa, ya kama mariƙin, ya ɗaga gwiwa ya tura sama kamar yadda jikinsa ya saba. Ƙofar ta taho masa ba nauyi, ta buge shi a ƙirji, da ba don Kunio ba da ya faɗi. Ya tsaya yana duban hannunsa, yana duban sabuwar kujerar da na sa. Sai ya mayar da ƙofar a hankali, ya sa hannun rigarsa ya goge inda yatsunsa suka taɓa, ya juyo ya rusuna min.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Na taɓa miki mota."

Wata gwaggonmu ta fashe da kuka. Ni ban ji komai ba. Na tsaya da makulli a hannu ina lura cewa ƙofar ta rufu daidai, ba ta bar ko tazarar gashi ba. Da aka koma ciki na ci shinkafa da kifi kwano biyu, na taya wanke-wanke, na kama hanyar Matsuyama.

Washegari na je ɗakin ajiya na gareji na fito da kwalayen tsofaffin kayan da na cire mata. Kadota yana kallona ina loda su, sai ya ɗauko tsohuwar kujerar da kansa ya ɗora min a kan kayan. Har yanzu tana warin taba da ɓawon lemo.

Lahadi uku na yi a rumfar gidanmu ina ɓata aikina. Na cire sabon sitiyari na mayar da tsohon mai tsaga biyu. Na mayar da kujerar da ramin zamansa, da kan giyar da ya suɗe, da 'yar layar wurin ibada da ta koɗe a jikin madubi. Na sa tsofaffin ƙarafan ƙofa, ta sauka, kukanta ya dawo. Kunio yana zaune a kan akwatin lemo yana miƙo min sifana.

"Ke kaɗai na sani mai zuwa hutu don ta lalata mota."

"Miƙo min mai lamba goma sha biyu."

"In kina so in ɗauko guduma in taya ki, ni ma na iya wannan."

Wurin gwiwar hannun ne ya gagare ni. Na goge fentin da samfefa har ƙarfe ya fito, na shafa mai, na murza da tsumma har hannuna ya sage. Bai yi sheƙin ba. Ya fito kamar ƙujewa, duk wanda ya gani ya san jiya aka yi shi.

A Lahadi ta huɗu, bayan ya karya, Kunio ya sa masa takalmin roba ya kawo shi rumfa. Na tsaya a gefe. Baba ya ja mariƙin, ƙofar ta ƙi. Gwiwarsa ta tashi da kanta, ya ɗaga, ta saki da kukanta. Ya shiga ya zauna a raminsa, da yake sitiyarinta a dama yake, hannun hagu ya sami giya ba tare da ya duba ba, gwiwar hannun dama ta hau saman ƙofa daidai kan ƙujewar. Na ji Kunio ya ja numfashi a bayana.

Na matsa na tsaya a jikin tagar, a inda na saba tsayawa. Ya juyo ya dube ni. Bai harare ni ba. Ya ɗan sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Sannu, baiwar Allah. Ko kin ga wata yarinya a hanya, mai gajeren gashi? 'Yata ce. Ran Lahadi take zuwa."

"Ban gan ta ba," na ce.

"Haka take, kullum sai an jira ta." Ya dubi hanyar da ta gangara zuwa teku. "Amma wannan karon ta daɗe."

Na zagaya ta ɗaya gefen na buɗe ƙofa. Ya janye hularsa daga kan kujerar ya ba ni wuri, kamar yadda ake yi wa baƙo. Na zauna, muka ci gaba da jiranta.