Ƙahon Zumuntar Mata

A shekarun farko bayan ƙirƙiro Jihar Taraba, wuri ɗaya ne a Jalingo ake jin jaz, kiɗan nan na ƙetare mai ƙaho da jita: rumfar da ke bayan shagon Manga mai gyaran rediyo a Sintali. Manga ya biyo ayarin ma'aikatan da aka turo daga Yola, ko da yake shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Ya zo da jita da kwalin kaset-kaset marasa suna. Duk Asabar da la'asar yakan rufe shago, ya jawo benci, masu kiɗa su taru.

Mai busa ƙahon rumfar shi ne Rufus, ɗan Mayo Gwoi, saurayi siriri wanda bai daɗe da gama sakandare ba. Ƙahon na tagulla ne mai maɓalli uku, kuma ba nasa ba ne. Matan zumunta na cocinsu suka saye shi da kuɗin doyar gonar da suke nomawa tare, don badujalar coci ta riƙa busa musu a bikin aure da jana'iza. Baba Matiyu, shugaban badujala, shi ke riƙe da makullin kabad. Ranar Juma'a yakan bar kowa ya tafi gida da abin busarsa ya goge da toka da lemun tsami, ya dawo da shi Lahadi. Kowa ya san inda ƙahon yake yini ranar Asabar, ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

Rufus yana son ya karanci jaz. Makarantu biyu ya gano. Ɗaya a Legas, inda ake koyar da jaz ɗin kansa, malamanta kuma masu kiɗa ne a manyan otal. Ɗayar kwalejin horar da malamai ce a kan tsaunukan Filato, mai sashen kiɗa, mai araha, jaz kuwa darasi ɗaya ne a cikin darussanta. Dukansu biyu sun ce ɗalibi ya zo da abin busarsa.

Mai biyan kuɗin makarantar yayarsa ce, Dinatu, malamar firamare a Nukkai, wadda ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsu. Ta saurare shi tana tsinke ganyen yakuwa.

"Legas ɗin zan iya, in na matse," in ji ta. "Amma Legas da sayen ƙaho, a'a. Ko na sayar da keken ɗinkin Mama ba zai kai ba."

"Adda, ai ƙaho yana nan."

"Na ubanka ne?"

Sai ya tafi wurin Baba Matiyu. Tsohon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ni makulli kawai nake riƙe," ya ce. "Masu abu suna nan. Alhamis suna taro, ka je ka gaya musu da bakinka."

Ranar Alhamis matan suna zaune a inuwar mangwaro a harabar coci, sanye da zanen zumunta iri ɗaya, tulunan kiɗansu a gefe. Shugabarsu Mama Cecilia, mai sayar da busasshen kifi a babbar kasuwa, ta sa Rufus ya tsaya a tsakiya.

"Wannan jas ɗin, waƙar Allah ne ko na otal?"

"Mama, kiɗa ne kawai. Ana iya yin kowace waƙa da shi."

"To yi mana mu ji. Wanda kake yi wurin Manga, ba na Lahadi ba. Kana tsammani ba mu da kunne?"

Matan suka yi dariya. Rufus ya ɗauki wata waƙar jana'iza da duk suka sani. Ya busa baitin farko yadda yake, a hankali. A na biyu ya fara jan sautin, yana jinkirta shi, yana ratsewa ya hau sama ya sauko ta wata hanya. Wata tsohuwa ta fara bin sa da murya, ta rasa inda yake, ta yi shiru. Wata kuma ta jawo tulunta ta riƙe masa kiɗan har ya gama.

"Ya ɓata a daji," in ji Mama Godiya, ma'ajin zumunta.

"Ai ya dawo," in ji mai tulun.

Suka ce ya koma bakin ƙofa. Daga can yana jin muryoyinsu suna hawa da sauka, da Hausa da Mumuye a gauraye. Da suka kira shi, Mama Cecilia ce ta yi magana.

"Mun ba ka ƙaho, ka je ka koyi abinka. Amma mun saye shi ne don ranar da za a kai mu. Duk wadda ta mutu a cikinmu, za a buga waya makarantarka, ka kwana ka taso, ƙaho ya iso kafin a rufe ta. Daga Legas za ka iya?"

Rufus ya lissafa a ransa. A lokacin tafiyar Legas kwana biyu ce in mota ba ta lalace ba, gawa kuma ba ta jimawa a zafin Jalingo.

"Daga Filato fa?"

"Yini ɗaya ne, Mama. In an samu fito a Ibi."

"To ka ji."

Manga ya fusata da ya ji labarin. Ya ajiye rediyon da yake gyarawa.

"Wallahi tsofaffin nan sun ɗaure ka da igiyar akuya. Za ka je dutse ka koyi do-re-mi, ka dawo kana koya wa yara taken ƙasa. Tafi Legas! Can ƙaho kamar ƙasa yake, ka ara wurin wani."

"In bai ba ni ba fa?"

"Ka ara wurin wani kuma. Kai, yaron nan, tsoro ya fi ka tsawo."

Rufus ya bi maganar Manga. Ranar Lahadi ya miƙa wa Baba Matiyu ƙahon, ya ce Legas zai tafi. Tsohon ya karɓa, ya ba Ɗanladi, mai busa na biyu. Dinatu ba ta yi gardama ba. Ta shiga adashi na biyu, ta daina sayen nama da kifi.

Saura wata biyu a buɗe makarantu. Rufus ya ci gaba da zuwa rumfar Manga, yana zama a ƙarshen benci yana kaɗa kwalba da ƙusa. Bayan wasu makonni, wata Juma'a Rufus yana zaune a shagon Manga, sai Ɗanladi ya biyo ta Sintali da ƙahon a jaka, zai kai shi gida gogewa. Manga ya tare shi, ya saya masa lemo, ya ce ya ara wa Rufus na waƙa ɗaya.

Rufus ya ɗora ƙahon a baki. Sautin ƙasa ya fito. Da ya nemi na sama, iska ce kawai ta fita. Ya sake, sautin ya tsage. Leɓen mai busa nama ne, in bai sha aiki kullum ba sai ya saki, kuma nasa ya saki. Bai kai rabin waƙar ba Ɗanladi ya miƙo hannu.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Baba Matiyu ya ce kar in tsaya a hanya."

Rufus ya ba shi. Ya zauna yana taɓa leɓensa da yatsa. Manga ya koma kan jitarsa yana ɗaure tsirkiyar da ba ta kwance ba.

"Haka aro yake," in ji Rufus.

"A Legas daban ne."

"Da me?"

Manga ya ci gaba da murɗa tsirkiyar jitarsa.

Washegari da safe Rufus ya sami Mama Cecilia a kasuwa, tana kore ƙuda daga kan kifi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Filato zai tafi.

"Ka tabbata? Ba ma so mu mutu mu ji wai kana jarrabawa."

"Zan zo, Mama."

"To je ka gaya wa Matiyu. Kuma ka ce wa Dinatu ta dawo sayen kifi, na ga ta rame."

Ya tafi a bayan wata fijo, ƙahon a cinyarsa, buhun doya a ƙarƙashin ƙafarsa. Kwalejin ta kasance yadda aka faɗa. Akwai sanyi, akwai do-re-mi da yawa, jaz kuwa malami ɗaya ne ke koyar da shi ranar Laraba, a ɗakin da fiyanonsa ya rasa maɓalli biyu. Amma ɗakin a buɗe yake kullum, Rufus kuma yana da abin busawa. A nan ya koyi karanta kiɗa a takarda, ya san sunayen abubuwan da ya daɗe yana yi da kunne.

Waya ta zo sau da dama a shekarun nan. Masinjan ofis yakan leƙo aji ya ce, "Rufus na Jalingo, an yi rasuwa." Sai ya nemi izini, ya kama motar asuba, ya tsallake Binuwai a fito, ya iso da ƙura har gira. Bai taɓa makara ba. A bakin kabari yakan tsaya gefen matan, su da tulunansu, shi da ƙahonsu.

In jana'izar ta faɗo kusa da Asabar, yakan ƙara kwana ya je Sintali, ya busa wa Manga sabon abin da ya koyo. Manga yakan saurara ido a rufe, yana bin sa da jita a hankali, har sai an gama. Sannan ya buɗe ido ya girgiza kai.

"Ba laifi. Amma a Legas ba haka suke yi ba."

Manga bai taɓa zuwa Legas ba. Rumfar ta ci gaba na wasu shekaru, har lokacin da mai filin ya rushe ta ya gina shaguna.