Zulfa da Wasan Ambaliya

Tun da Zulfa ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma a Dutse ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Abin da ya fara kayar da ita wasa ne.

Wata Talata Malama Adawiyya ta sa aka ture bencina gefe, ta zana ƙauye da alli a daɓen aji: ga kogi, ga gada, ga makaranta, ga ɗan asibiti. Ta zube murafan kwalba bakwai, ta ce kowanne mace ce mai ciki, bayaninta yana jikin takarda. Ruwa ya ci gari, minti goma gare ki ki kwashe su. Duk sa'ad da ta busa usur, sai ki zari kati ki ga abin da ya faru.

Zulfa ce ta fara. Ta ɗauki wadda takarda ta ce tana ihun naƙuda. Usur ya tashi, kati ya ce gada ta karye. Ta zaga ta bayan makaranta. Wani katin ya ce waya ba sabis. Tana cikin wannan Malama ta sunkuya ta kife murfi ɗaya.

"Wannan ta rasu. Ciwon kai, kumburin ƙafa, gani dishi-dishi. Tana zaune shiru kika wuce ta."

"Malama, ai na san alamomin jijjiga."

"Kin sani. Ni ma na sani shekarar da ruwa ya rutsa da mu a asibitin ƙauye. Mai ihun na bi."

'Yan ajin da suka fara yi wa Zulfa dariya suka daina.

Daga ranar, kullum bayan la'asar Zulfa takan ja ƙawarta Hindatu su zana ƙauyen a ƙasa a bayan ɗakin kwana. Sai a mako na uku ta fitar da matan bakwai duka.

Da aka tura ta sanin makamar aiki wani ƙauye a ƙasar Miga, ta tafi da katunanta a leda. Damina ta kama. Ranar awon ciki ta zana wasan a ƙarƙashin darbejiya, ta roƙi Inna Mashkura, tsohuwar ungozomar garin, ta gwada. Inna ta saurari ƙa'idojin, ta ga Zulfa ta tura murfi zuwa asibiti, sai ta dafe shi da yatsa.

"'Yar nan, wa ya ba ta izinin fita?"

"Inna, ambaliya fa ake yi."

"Ko me ake yi. Mijinta yana gona a hayin kogi, ruwa ya raba su. Nan za ta zauna ta jira shi. Da idona na gani." Ta ɗaga wani katin. "Wannan kuma fa?"

"Motar asibiti."

Matan da ke zaune suka kwashe da dariya. Inna ta ce daga ruwa ya sauka sosai sai amalanke, shanun ma in ya kai musu ƙirji tirjewa suke yi.

Zulfa ta ji kunya, amma ba ta tattara kayanta ba. Ta juya bayan katunan ta ce, "To Inna, faɗa min yadda abin yake, in rubuta."

Kafin azahar murafan sun samu sunaye na gaske: mata shida da haihuwarsu za ta faɗo a watan Agusta. Shawara ta tsaya a kan kowace ta koma wajen dangi a kan tudu tun kafin ruwa ya tare hanya, a kuma nemi yardar mazan tun yanzu.

Biyar suka yarda. Na shidan, Malam Mu'az, ya ce matarsa Bilki ta haifi huɗu a ɗakinta lafiya, ba inda za ta je. Ita ce kuwa awo ya nuna jininta ya hau. Zulfa ta koma washegari, aka ce ya fita kiwo. A zuwa na uku ta zo da Inna, suka zauna a zaure har ya dawo.

"Malamar asibiti, ba kya gajiya ne?"

"Malam, ba don haihuwar na zo ba. Jininta ne ya hau. In jijjiga ta kama ta hanya a rufe, ni da Inna ba abin da za mu iya sai kallo."

Ya gyara riƙon sandarsa. Sai ya tambaya kwana nawa Bilki za ta yi a can. Ta ce mako biyu, ko uku.

Ranar Asabar da kansa ya ɗaura shanu, ya shimfiɗa tabarma a amalanke, ya kai Bilki gidan gwaggonta a cikin garin Miga. Kwana tara bayan nan ta haihu a asibiti, mace, ana tsuga ruwa.