Kwanson Harsashin Tauno

Ƙungiyar harbi ta ƙauyen mutum ashirin ce, manoma da direbobin motar katako, kowa da ƙaramar bindiga fistol mai cin harsashi milimita tara, wanda ko a shagon kayan noma ana samu. Tauno Hyvärinen kaɗai ke da mai milimita goma. Abu biyu ya rasa: harsashi da aboki. Harsashin sai ya tsince kwanson da bindigar ta tofar, ya sake ɗura masa albarushi a gareji. Abokin kuwa bakinsa ya kore.

"Bindigogin 'yan koyo," haka yake ce wa nasu, ko a gaban 'yarsa Pihla.

Shekarar Pihla goma sha biyu. Duk Asabar tana koyon bindigar iska a ajin yara, ta fi kowa saiti, kuma da katin mahaifinta ake barinta shiga. Sau biyu an gargaɗi Tauno kan tsallake jan layin da maharba ke tsayawa a bayansa don tsintar kwanso. Pihla ta san na uku kora ce, har da ita.

Ranar gasar bazara tana zaune a benci, kunnuwa a toshe. Bindigar Tauno ta yi ƙara, ta cilla kwanso har cikin kofin Marjatta, tsohuwar da ke harbi kusa da shi.

"Tauno, igwarka ta sa min sukari!" in ji ta.

"Ajiye min shi, Marjatta. Ya fi bindigarki daraja."

"Ka ji shi! Ƙara kamar aradu, allon harbi kuwa ko ƙwarzane babu."

Aka kwashe da dariya. Tauno ya taɓe baki. Gaskiyar Marjatta ce, domin duk harbin da ya yi, idonsa ba ya kan allo, yana bin inda kwanso zai faɗa.

A zagaye na uku wani kwanson ya daki katako, ya gangara gaban layi cikin tsakuwa. Taku ɗaya ne tak. Pihla ta miƙe.

"Baba, bar shi!"

Ya waiwayo, ya gan ta sarai. Sannan ya ɗaga ƙafa ya tsallake, alhali mutum biyar na riƙe da bindiga a ɗure.

Raimo, alƙalin fili, ya busa usur. Bai ɗaga murya ba.

"Kowa ya sauke bindiga. Tauno, kawo katinka."

"A kan taku ɗaya? Ku da kuke share kwansonku da tsintsiya, me kuka sani?"

"Katin, mutumina."

A mota Tauno ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata kwanson, ya hure ƙurar da ke jiki.

"Ko lotsawa bai yi ba," ya ce. "Hassada ce kawai, Pihla."

Pihla ta kalli kwanson. Ta gane cewa ya ji kiran da ta yi masa, ya auna ta da kwanson, kwanson ya rinjaya.