Mutum Shida a Bakin Galma

Ranar wata Laraba bayan la'asar, ina tsintar wake a tsakar gida, Ladi ta yi sallama. Ladi matar marigayi Bahago ce, masuncin nan na Dakace da ya rasu da ƙaramar salla. Fitarta takaba ke nan, tana zagayen bangajiya. Ta gaisa da Inna, ta sha ruwa, sannan ta zaro wani hoto daga cikin baƙar leda.

"A gwangwanin Malam na same shi, cikin tsofaffin ƙugiyoyinsa," ta ce wa Inna. "Aka karanta min bayansa, na ji sunanki, na ce to wannan ai ba nawa ba ne."

Na karɓa na juya shi. Da ajami aka rubuta, tawadar ta koɗe: Kamun kifi a Galma. Ni da Ɗahirun Sailuba.

Sailuba ita ce Inna, mahaifiyata. Ɗahiru kuwa yayana ne, ɗanta na fari, wanda ruwa ya ci ina 'yar shekara uku. Ni ce auta, Fiddausi. Yau shekarata arba'in da uku, kuma ban taɓa ganin hotonsa ba, don babu shi a ko'ina.

Hoton baƙi da fari ne, mai kauri kamar kwali, gara ta ɗan taɓa gefensa. Ladi ta ce wani Bature ne ya ɗauka, wanda kan je kogin Galma ran Asabar da ƙugiyarsa ta sanda. Yakan wanke hotunan da ya ɗauka ya aika wa danginsa a gidan waya, shi ne ya ba Bahago ɗaya. Mutum shida ne a ciki. Biyar sun jeru a bakin ruwa suna kallon mai hoto, sun tallabo wata tarwaɗa mai kaurin cinya. Na shidan yana can gefe, ya ba da baya, ruwa ya kai masa gwiwa, koma a kafaɗa, gora a hammata. Ladi ta nuna Bahago, ga shi nan ya washe baki. Sauran ba ta san su ba, don sai bayan shekara shida da ɗaukar hoton aka yi aurensu.

Inna ta kai hoton dab da hancinta, ta janye shi, ta sake kusanto shi. Idonta na hagu ya riga ya tafi, na dama na bin sa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ta yi wa Ladi godiya, ta tura hoton ƙarƙashin tabarma, aka ci gaba da zancen tsadar taki.

Sai da baƙuwa ta tafi ta kira ni.

"Fiddausi, wanne ne a ciki?"

"Haba Inna! Ni kike tambaya? Ke fa kika haife shi."

"Ban san fuskarsa ba."

Haka ta faɗa, kamar mai cewa gishiri ya ƙare.

Ni dai wallahi wannan alkunya ta ɗan fari ba ta taɓa burge ni ba. Nawa ɗan farin sunansa nake kira gatsal, in ya ɓata min rai in ja kunnensa, in ya faranta min in rungume shi gaban kowa, wanda zai yi gulma ya yi. Amma su Inna ba haka suka tashi ba. Ana yaye Ɗahiru aka miƙa shi ga kakarmu a Dakace, can ya girma cikin masunta. Inna ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai "yaron nan". Yayyena sun sha ba ni labari: duk Juma'a zai shigo birni da kifi a sarƙe a igiya, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuwa ta kau da kai wajen murhu ta ce, "Ajiye nan." Shi ke nan hirar. Ranar da aka zo da labarin ya nutse a Galma da damina, ba ta yi kuka ba, ta ma tashi ta ɗebo wa masu gaisuwa ruwa. A can aka binne shi, ba ta ga gawarsa ba. Har yau tsofaffin Ƙofar Galadima in suna yabon mace mai kawaici, Sailuba suke kawowa misali. Ga amfanin yabon nan yau, an zauna da hoto a hannu ana lalube.

Na ɗauki aikin a kaina. Yayyena mata biyu da suka san shi, ɗaya ta rasu, ɗayar tana aure a Legas. Na tura mata hoton ta waya. Ta ce na biyu daga dama ne. Bayan awa ɗaya ta bugo ta ce a'a, na tsakiya ne. Da na matsa mata sai ta ce, "Fiddausi, shekara arba'in fa, ki bar ni."

Ran Asabar na hau keke Napep zuwa Dakace. Na sami wani tsoho, Malam Nasidi, zaune gindin mangwaro yana gyaran taru. Ya kalli hoton ya yi ta dariya, ya ce ya tuna kifin nan sarai, a kwalekwalen wane aka ɗauko shi, gida nawa suka ci. Kifi dai ya tuna! Da na tambaye shi Ɗahiru sai ya ɗora yatsa a kan Bahago. Na yi masa godiya na dawo da ciwon kai.

To, sai na yi abin da bai kamata ba. Na zauna na ƙare wa fuskokin nan huɗu kallo, na zaɓi mai faɗin goshi da wushirya irin na Babanmu. Na kai wa mai wanke hoto a Tudun Wada, na ce ya yanko min shi shi kaɗai, ya ƙara masa girma. Na ce a raina, tsohuwa ce, idonta na rufewa, wa zai ƙaryata ni? Gara ta tafi da wata fuska da ta tafi hannu rabbana.

Na kawo mata na ce, "Ga shi, Inna. An tabbatar min."

Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To." Kwana biyu yana gefen filonta. Ina lura da ita, ba ta sake ɗaga shi ba. A rana ta uku ta miƙo min.

"Wannan ɗan wata ne. Allah ya ji ƙansa in ya mutu."

"Inna, ta yaya kika sani? Ke da kika ce ba ki san fuskarsa ba?"

"Na kalle shi ban ji komai ba."

Na so in ce mata ni ma ai ban ji komai ba tun da aka fara wannan abu, ba baƙin ciki, ba tausayi, sai gajiya da ɗan haushi. Na karɓi hoton na ajiye. Kunyar ƙaryar ma ba ta kama ni sosai ba.

"Ki koma," ta ce. "Duka za a ƙara wa girma, kada a yanke kowa."

Na koma. Aka wanko shi da faɗin faifai, har ƙwayoyin hoton suka fashe, fuskokin suka zama dishi-dishi. Ranar Juma'a da hantsi na shimfiɗa mata tabarma inda rana ta fi haske, na ɗora mata shi a cinya. Ta rufe mataccen idon da tafin hannu, ta sunkuya. Yatsanta ya bi ta kan na farko, ya wuce Bahago, ya wuce mai wushirya, ya wuce sauran biyun ko tsayawa bai yi ba. Ya je can gefe, wajen da ni ban taɓa kulawa ba, ya tsaya a kan mai koma a kafaɗa.

"Ga shi nan."

"Inna, wannan ai baya ya ba mu."

"Shi ne. Dubi kafaɗar dama, ta fi ta hagu sauka. Dubi kunnen nan da ya ɓullo. Ga ƙeyar, ga ramin wuyan." Muryarta ko rawa ba ta yi. "In ya gama gaisuwa ya tashi zai fita, daga nan zuwa bakin zaure taku goma sha ɗaya ne. A nan nake ɗaga kai. Duk Juma'a."

Na kalli tazarar da ke tsakanin ƙofar ɗakinta da zaure. A gidan nan aka haife ni, ban taɓa ƙirga ta ba.

"Babu wani hoton da ya juyo?" ta tambaya.

"Babu, Inna. Shi ke nan guda ɗaya."

"To." Ta shafa gefen takardar da babban yatsa. "Ɗauki, jingina min shi can bakin zaure."

Na kai na jingina shi da bango, na dawo na zauna kusa da ita. Daga nan ni kaina da ƙyar nake rarrabe mutanen, balle ita. Ana ta shirin masallaci, ƙarar babura na wucewa ta lungu, wani maƙwabci na neman hularsa da faɗa. Inna ta miƙe wuya, ta ƙura wa wajen ido ɗayan da ya rage mata.

"Ɗahiru," ta ce.

Ba da ƙarfi ba, kamar yadda ake kiran wanda ya manta wani abu zai fita. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Ta ɗan jira. Sannan ta ce in ɗauke shi kada rana ta ci shi.