Malama Sugimoto a Bakin Kanal

Ƙanena Taufiq yana da wani hali da ke ƙona min rai. In babba ya yi masa faɗa, ko da gaskiyarsa, sai ya sunkuyar da kai ya yi gum. Haka marigayi Baba ya raine mu, wai kawo uzuri gaban malami rashin kunya ne.

To ga shi yana koyon Japananci ta waya wurin wata dattijuwa, Malama Sugimoto, da ke can Japan. Ita za ta zaɓi waɗanda za a kai koyon gyaran injin casar shinkafa, kuma Taufiq ya ƙwallafa rai. Darasin da hantsi ake yi. Ruwan kanal kuwa ba ruwansa da darasi. Ranar da aka saki na layinmu, in ba ka je ka shayar da shinkafarka ba, na ƙasa da kai ya janye, taka ta bushe. Gonar kuma a wuyansa take. Sai ya riƙa fashi, in ya dawo ya ba ta haƙuri kawai.

Rannan ya shigo jiki a sanyaye. "Yaya, ta ce in na ƙara fashi za ta cire sunana."

"Ka gaya mata dalili?"

"Haba Yaya, malama ce fa."

"Malama ce, ai ba boka ba ce da za ta gano abin da ke cikinka!"

Abin haushi, a makon nan ta koya musu wani ɗan ƙari da suke liƙawa a ƙarshen magana, n desu, in mutum zai bayyana dalilinsa ya nuna da gaske yake. Yana ta bitarsa a tsakar gida har ni na haddace. Na ce, "Oho, kaji kake yi wa bayani ke nan?"

Da aka sake sakin ruwa ranar darasi, na bi shi gona da ɗumame. Lokaci na yi, na zaro wayar daga rigarsa da ya rataye, na danna kiran, na saita masa. Ga shi cikin taɓo har gwiwa, da fartanya a hannu. Ya harare ni kamar zai yi kuka, amma fuskarta ta riga ta bayyana.

Ya yi in'ina, sannan ya nuna kanal. "Mizu ga kita n desu." Wato ruwa ne ya zo. Daga nan bakinsa ya buɗe, rabi da baki rabi da hannu, har na ji ya ambaci Baba.

Wallahi na ɗauka na ɓata masa komai. Sai ta sa na juya wayar ta kalli gonar sosai, ta yi wata doguwar magana tana murmushi. Na ga idon Taufiq ya ciko.

"Me ta ce, kai?"

"Ta ce shinkafar ta yi kyau. Wai in gama ban ruwan, za ta jira ni."

Ta kuwa jira, ina riƙe da wayar har hannuna ya sage.