Rabin Awa, Ido Rufe

"Wane mai hikimar ne ya raba min tsofaffi gida biyu?"

Likitar ido ce ke tambaya, hannu a ƙugu, a tsakiyar ɗakin taron jami'a. Auta ta sunkuyar da kai, don ita ce mai hikimar. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta Kirista ne suka haɗu suka shirya duba idon tsofaffi kyauta, Auta kuwa ta shawo kan kwamiti aka yi layi biyu, benci biyu, har kofin shan ruwa biyu. Taron haɗin kai ke nan, ga igiya a tsakiya.

"Ku kwance igiyar nan," in ji likita. "Duk wanda na ɗiga wa magani zai zauna a lungun can, ido rufe, rabin awa. Benci ɗaya gare ni."

Wata uku Auta ta yi tana lallamin mahaifiyarta kafin ta yarda ta zo a duba yanar da ke cin idonta. Jiya kuma, a takardar masu zuwa, ta ci karo da sunan ƙanwar Mama, wadda ta auri ɗan coci ta bi shi shekara ashirin da biyu da suka wuce. Tun ranar Mama ta ce ba ta da ƙanwa. Auta ta san halin kayarta: tana jin ƙanwar na wurin za ta ja mayafi ta fice, ido ko oho. Dalilin igiyar ke nan.

* * *

Kamar da gangan, aka zaunar da Mama da ƙanwarta kafaɗa da kafaɗa, an ɗiga musu magani, ido rufe. Auta ta tsaya gefe rungume da jakar Mama, tana roƙon Allah ya ɗaure bakin uwarta na rabin awa. Ina! Mama ko a layin famfo sai ta yi ƙawa.

"Baiwar Allah, ke ma yana miki yaji?"

"Kamar barkono," in ji matar. Tsufa ya dusashe muryoyinsu, babu wadda ta gane wata.

"Mu ciwon idon nan gadon gida ne. Haka tsohuwarmu ta ƙare, ga ta da son ɗinki."

"Tawa ma haka. Ni ce mai zura mata zare a allura. Sai na lashe shi ya jiƙe sharkaf, yayata ta ƙwace tana ce min ƙazama."

Auta ta ga yatsun Mama sun damƙe bakin benci.

"Ai ƙazamar ce," Mama ta ce a hankali.

Matar ta juyo da fuskarta, ido a rufe. "Yaya?"

Mama ta yunƙura za ta tashi.

"Mama, a zauna!" likita ta ɗaga murya daga teburinta, ba ta ma san abin da ake ciki ba. "Saura minti ashirin. Wanda ya tashi ya koma bayan layi."

Mama, wadda ba ta taɓa sauraron kowa a kan maganar ƙanwarta ba, ta koma ta zauna, saboda tsawar yarinya sa'ar 'yarta.

"Na zo ranar da tsohuwarmu ta rasu," ƙanwar ta ce. "A ƙofa na tsaya har la'asar."

"Na sani. Ni na ce kada a buɗe miki."

"Ba na zo don in canza wa kowa addini ba ne, Yaya. Uwata na zo gani."

Hawaye suka gangaro daga rufaffun idanun Mama. Auta ta ji kunya ta rufe ta, don ita ma da karatunta da komai, dabarar da ta iya yi musu ita ce igiya.

* * *

Da likita ta zo da fitilarta, ta ɗaga fatar idon Mama, ta leƙa na ƙanwar, sai ta yi tsaki.

"Haba iyayena! Kun wanke min magani tas da hawaye. Sai dai in sake ɗigawa, ku ƙara wani rabin awan. Ko in raba muku wuri?"

"Ɗiga, 'yata," in ji Mama. "Ba sauri muke ba."

Ta ɗaga fuska aka ɗiga, ta runtse ido. Sannan hannunta ya bi katakon bencin a hankali, har ya samu bakin zanen ƙanwarta, ya riƙe.