Inuwar Mushe Sallau

Uwale ta tsaya a ƙofar ɗakin, mabuɗi ɗaure a bakin zanenta, ta ce ba mai shiga.

Mutum biyu ne suka zo daga jami'a cikin farar mota, bayan an gama sadakar uku. Littattafan marigayi suka zo kwasa. Marigayin, Mushe Sallau, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, maƙwabcinta ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa a can, da ciwo ya ci ƙarfinsa ya dawo Dakoro ba mata ba ɗa. Ita ke dama masa kunu, ita ke wanke masa tufafi.

"Inna, yi haƙuri," in ji babbansu mai tabarau. "Mutumin nan namu ne. Rayuwarsa duka akademi ya ba."

"Wace ce haka? Matarshi?"

Ƙaramin ya yi dariya, babban ya harare shi. Ya ce kalma ce ta zaman masu ilimi, su da bincikensu. Asalinta sunan wani lambu ne a ƙasar Girka, inda malamai ke zama a inuwar itatuwa suna karantarwa.

"Lambu!" Uwale ta tafa hannu. "Ashe inuwa gare ku? Shi ko a ƙarƙashin kwano ya gasu. Kullum sai ya ce in fiddo mishi kujera gindin itacen bedin nan, wai abokanshi na tafe. Ko wace mota ta wuce sai ya ɗaga kai. Kuna ina?"

Ta ci gaba da cewa:

"Ni mace ce, ba ni zuwa maƙabarta. Ku maza ne. Ku je ku tsaya kan kabarinshi, ku ce mishi kun zo. Abin da nike so ke nan."

Babban ya dubi agogo, ya ce hanyar Maradi ba kyau, amma wallahi in sun loda za su biya. Da ta ji sunan Allah, sai ta kwance mabuɗin.

Suka cika motar har kujerar baya. Uwale ta fito bakin titi tana kare rana da tafin hannu. Maƙabarta arewa take. Motar ta kai mararraba, ta rage gudu, ta karya kudu.

Uwale ta daɗe a tsaye. Da ta koma, rana ta cim ma kujerarsa. Ta ja ta cikin inuwa, ta juya ta wajen hanya.